Abin da Baba Ya Rubuta a Harafin K

Masu ce min a ƙasan rubutu wai na cika zargi, don Allah ku ɗan dakata min. Musamman ke da kika rubuta, "Renata, ki bar bawan Allah ya so ki mana." Na gani, na karanta har sau uku. Ki ji abin da ya faru makon nan tukuna, sai ki yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce Renata, shekarata ashirin da huɗu. Ina aiki a ɗakin ajiyar takardun kiɗa na ƙungiyar makaɗan garinmu, can ƙasan gini inda ko taga babu. Ban yi jami'a ba, ina gama sakandare Baba ya nemo min wurin. Shi Baba shekararsa talatin da ɗaya a kujerar gaba ta masu babban goge. Ni kuwa aikina fensir ne da kilina. Kafin wasa in jera wa mutum saba'in da biyu takardunsu a baƙaƙen fayil, bayan wasa in kwaso, in zauna in goge duk abin da suka rubuta.

Kuma suna rubutawa, jama'a. Makaɗi ba shi da damar ce wa jagora, mai kaɗa musu sandar saita kiɗa, uffan yana tsaye a kansa, to sai ya huce a gefen takarda. Wani ya ja kibiya, wani ya rubuta "gudu", wani ma alade zai zana. Amma abin da ya fi yawa shi ne ɗan tabarau, ƙwai biyu da ƙafa. In kun ga makaɗi ya zana tabarau a wuri, nufinsa: nan a ɗaga ido a kalli mutumin nan da kyau, ba a san abin da zai yi ba.

Ranar da na fara aiki shugabata, Madam Lorraine, ta miƙo min kilina ta ce, "Duk abin da kika gani a takardar mutum, ki goge shi a takarda, ki goge shi a bakinki." Shekara shida ban karya dokar nan ba. Sai da Lucian ya zo.

Tsohon jagoranmu ya ajiye aiki bara, aka ɗauko mutum huɗu, kowa a ba shi mako guda ya riƙe sanda a gani. Lucian a watan Oktoba ya yi nasa. Yanzu saura su biyu, shi da wata mata daga Montreal wadda ta gama zagayenta na biyu tun watan jiya. Wannan makon nasa ne na ƙarshe, ranar Litinin kwamiti zai jefa ƙuri'a. Mutum bakwai ne a kwamitin, huɗu makaɗa ne har da Baba, kuma kowa a ginin nan ya san inda Baba ya karkata can sauran makaɗa ukun suke bi.

Kun fara hango abin da ya hana ni sakat ko?

Ranar Laraba da safe na sauko kicin da rigar sanyina ruwan toka, wadda gwiwar hannunta ta fara ɓulewa. Mama na gaban murhu da rigar girkinta mai zanen ja, gilashin taga duk ya yi gumi, waje ƙanƙara ta rufe motar Baba har rabin taya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Haka za ki fita?"

"Aiki zan je, Mama."

"Aikin da mijinki yake wurin."

"Mama!"

"To, saurayinki. Ina koriyar rigar da na saya miki da Kirsimeti? Tana nan rataye ko tambarin shago ba ki cire ba. Kaz, yi mata magana mana. Dube ta, kamar wadda aka aika kwashe ƙanƙara."

Baba na bayan jarida da kofin kofi. "Ƙyale ta, Wanda. Wannan ta fi ɗumi."

Mama ta yi tsaki, ta turo min roba mai ɗauke da kabeji naɗe da nama, guda shida, miyar tumatir na malale a kai. "Ki kai masa. Yaro na zaune a otal yana cin abincin kwali, tunda ubanki ya hana shi taka min gida."

Baba ya ce, "Sai bayan Litinin, na faɗa. Mai neman ƙuri'ata ba zai ci a teburina ba."

"Ba ƙuri'arka yake nema ba, 'yarka yake nema."

Baba ya ɗan sauke jaridar, ya dube ni ta saman gilashinsa, ya mayar. Da ma magana ya yi, da ta fi min sauƙi.

"Kai dai tunda na aure ka ban taɓa jin ka yabi mai sanda ba," in ji Mama. "Tsohon ma da kuka shekara ashirin tare, cewa kake kamar mai faskare."

"Mai faskare ko ba komai ka san inda gatari zai sauka. Wannan yaron 'yan kallo yake kaɗa wa sanda, ba mu ba. Bayansa ya iya kiɗa. Gabansa kuwa, sai mu yi ta laluben."

"Hassada ce, don ya fi ka gashi."

Na ɗauki robar na fice kafin su jawo ni ciki.

Bari in faɗa muku laifina, don kada ku ce na wanke kaina. A watan Oktoba ya sauko ɗakinmu neman fensir. Dogo ne, da baƙar riga mai rufe wuya, gashi na zubo masa a goshi. Ba wanda ke kallona a ginin nan, ni ke kallon mutane. Shi kuwa ya tsaya ya ce, "Akwai garin kilina a gashinki," ya sa yatsa ya cire. Bayan kwana biyu muna shan shayi a wani ɗan shago na bakin tafki. Ya yi ta ba ni dariya da kwaikwayon yadda Madam Lorraine ke tafiya. Ni da ba na iya haɗa magana uku da namiji, ranar sai bakina ya buɗe kamar famfo. Na faɗa masa masu ƙaho sun cika takardunsu da tabarau, don kullum yana juya musu ƙeya ya fuskanci masu goge. Na faɗa masa mai tambari ya rubuta "rawa yake". Na faɗa masa mai algaita tana jin haushin yadda yake fara kiɗa ba ta gama saita bakinta ba. Ya yi dariya har da dukan tebur. Ni ma na yi. A lokacin hira na ɗauka muke.

Ya koma Toronto, saƙo bai yanke ba wata huɗu. Safiya da "kin tashi lafiya, mai kilina?", yamma da hoton abin da ya ci. Har sunan magen maƙwabciyarmu ya haddace.

To ranar Laraban nan ƙarfe goma aka fara gwaji. Na haye bene inda na saba zama, layi na biyu, da ƙarin takardu a cinyata ko wani zai nema. Ya fito, ya gaishe su, ya ɗaga sanda. Sai ya tsaya. Ya dubi mai algaita ya yi murmushi, ya jira har ta gyaɗa kai, sannan ya sauke hannu.

Na matso bakin kujera.

Kashi na farko ya ɗauke shi da sauri yadda ya saba, amma ƙafafunsa a dashe suke, babu ɗage, babu lanƙwasa ƙugu. Duk inda masu ƙaho za su shigo sai ya juyo gaba ɗaya ya buɗe musu tafin hannun hagu kamar mai miƙa kyauta. Na ga babban mai ƙaho ya taɓo na kusa da shi da gwiwar hannu. Na ga mai tambari ya ɗaga gira. Komai, jama'a. Duk abin da na zuba masa a shagon shayi ya bi shi ɗaya bayan ɗaya ya gyara, kamar mai bin takardar cefane.

Ban ji zuwan Madam Lorraine ba, sai ƙamshin alewar na'ana'ar da take tsotsa. Ta zauna kusa da ni tana kallon dandamali.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wata huɗu kawai, yaro ya koyi karanta zuciyar mutane."

"Ƙila bidiyon kansa ya kalla," na ce.

"Ƙila." Ta juya alewar a bakinta. "Bidiyo na nuna abin da mai algaita ke ji a ranta?"

Na sunkuyar da kai ina daidaita takardun da ba su karkace ba. Ta ɗan jima, ta tashi ta tafi.

Sai aka zo kashi na biyu, mai tafiyar hawainiya. Nan ne nake so ku fahimce ni sosai.

Shi ya zaɓi simfonin nan, wato dogon kiɗan mai kashi huɗu da suke gwadawa, da kansa. A watan Disamba ya taɓa turo min saƙon murya, minti shida, har yau yana cikin wayata. Ya ce akwai wuri a kashi na biyu, daga harafin K (da haruffa ake yi wa wurare alama a takardar kiɗa), inda kowa ke yin ƙasa a bar masu babban goge su kaɗai da waƙar. Ya ce yana ɗan shekara sha ɗaya ya ji shi a rediyon motar mahaifiyarsa, ta tsaya a gefen titi har aka gama. Ya ce, "Kowa gudu yake a wurin, Renata, tsoro suke ji kada mutane su gaji. Ni ko korata za a yi ba zan taɓa gaggauta shi ba. Saboda wurin nan na ɗauki sanda." Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin. In kuna son gaskiya, ranar na fara sonsa.

Da aka iso K sai ya sauke sandar gaba ɗaya, ya bar ta a gefen cinyarsa. Da hannun hagu kawai, da numfashi. Ya ja iska, har bene na ji, masu babban goge takwas suka ja tare da shi. Bai ƙirga musu komai ba. Ya bar kowane sauti ya ƙare don kansa kafin na gaba ya zo, a hankali, a hankali, har na ji tsoron izgarsu za ta ƙare kafin layin ya ƙare. Ba ta ƙare ba. Baba ya rufe ido. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya rufe ido yana kiɗa ba, cewa yake aikin 'yan talabijin ne.

Da suka tsaya ba wanda ya yi tari. Can sai na ji suna goga takalma a ƙasa, tafin makaɗa ke nan in abu ya burge su. Baba bai goga ba. Amma ya ɗauki fensir.

Da hutun rana Madam Lorraine ta ce in bi takardun masu babban goge in gyara alamar jan izga a wurare biyu da aka canja. Dole na buɗe fayil ɗin Baba. A saman harafin K, da ƙaramin rubutunsa mai karkata, kalma ɗaya ce.

"Yauwa."

Har ya ja layi a ƙasanta. Shekara shida ina goge takardun mutumin nan. Na goge "kash", na goge "me ke nan", na goge tabarau sun fi dubu. Ban taɓa goge yabo ba.

Na tsaya riƙe da takardar, farin ciki ya cika ni, na ce a raina shi ke nan, Baba ya sauko. Na kai wa Lucian robar kabejin a ɗakinsa, mutane na shiga suna fita, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ki ce wa Mama na gode," ya ƙifta min ido. Ban faɗa masa komai ba.

Ƙarfe shida ina cikin bas, wayata ta yi ƙara.

"Kabejin nan ya gama da ni. Guda huɗu na ci a tsaye."

Na tura masa fuskar dariya.

"Kin yi kyau yau a bene. Na gan ki."

"Da wannan tsohuwar rigar?"

"Ita na fi so."

Ina murmushi ni kaɗai kamar sabuwar mahaukaciya, sai na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake rubutu.

"Af, na ga babanki ya ɗauki fensir bayan K. Me ya rubuta?"

Murmushin ya bushe a fuskata. Na je wurin bincike a hirarmu na buga kalmar "rubuta". Sau goma sha huɗu ta fito. Lokacin da matar Montreal ta zo: "Me masu goge suka rubuta a kanta?" Lokacin da wani baƙon jagora ya zo: "Babanki ya rubuta wani abu?" Kuma na lura da abin da ban taɓa lura ba. Kullum sai ya fara da yabo biyu, tambayar ta zo ta uku, kullum kuma da "af" a gabanta, kamar yanzu ta faɗo masa.

Na san abin da za ku ce. Mutum na neman aikin rayuwarsa, budurwarsa na da labari, ba zai tambaya ba? Ni ma na faɗa wa kaina haka tun daga bas har ƙofar gida. Amma wata zuciyar ta ce: to in ba don fayil ɗin nan ba, da ya ga garin kilina a gashinki? A cikin matan ginin nan, masu goge da dogayen wuya da digiri biyu-biyu, ke ya gani, 'yar ɗakin ƙasa, wadda ta zamo 'yar Kazimir kuma mai mabuɗin takardu?

A gida Mama ta tare ni tun ban cire takalmin ƙanƙara ba.

"Ya ci? Me ya ce? Ya tambaye ni? Renata, ke fa sai an matse ki kamar lemun tsami. Na gaya wa Antinki Celia ta ajiye ranar Lahadi ta sama, za mu yi masa girki. Kin ga hannunsa kuwa? Hannun masu riƙe mace ne."

"Mama, hannun masu riƙe sanda ne."

"Ke dai kin gaji baƙin halin ubanki."

Har washegari ban ba shi amsa ba. Ranar Alhamis da rana ina zaune a teburina, kilina a hannu, sai ga saƙo: "Shiru? Ko abin ya yi muni ne?"

A nan ne shawarar ta zo min, kuma ba zan ce shaiɗan ba ne, ni ce. Na ce a raina: akwai abu ɗaya da ya rantse min ba zai sayar ba. In na ce masa Baba ya ƙi shi, ya tsaya a kan bakansa, to mutum ne mai abin da yake so don Allah, kuma ƙila ni ma haka yake sona. In kuwa ya canja, na san da wa nake.

Na rubuta: "Ya rubuta 'jana'iza'. Wai ya yi nauyi da yawa."

Na tura. Alamar ya karanta ta fito nan take. Minti ɗaya, biyu, biyar.

"Hmm. Na gode, masoyiyata."

Karon farko ke nan da ya kira ni haka. Na kifa wayar a kan tebur.

Ranar Juma'a ba su taɓa kashi na biyu ba, na uku da na huɗu suka yi ta tisawa. Ya tare ni a matakala ya ba ni cakulan, ya gyara min wuyan riga, bai ambaci komai ba. Na yi ta kallon fuskarsa ko zan ga alama. Babu. Sau biyu na buɗe baki in ce masa ƙarya na yi, sau biyu na rufe. In na faɗa, ba zan taɓa sani ba har abada.

Asabar ƙarfe goma na safe ne gwajin ƙarshe, wanda ake yi daga farko har ƙarshe ba tsayawa, 'yan kwamiti na waje duk suna zaune a ƙasa da littattafansu. Mama ta tsare ƙofar ɗakina da koriyar rigar a hannu, ta ciro almakashi ta yanke tambarin da kanta. Na sa. Ulu ce mai laushi, har ƙasan gwiwa, da ƙananan maɓallai a baya. Ta ɗaure min gashi, ta shafa min jan bakinta da ɗan yatsa. Baba ya dube ni a bakin ƙofa ya ce, "Kin yi kama da uwarki ranar da ta yaudare ni." Yana cikin nishaɗi. Har waƙar K yake yi ƙasa-ƙasa yana kankare gilashin mota.

Na haɗa wayata da rediyon motar yadda na saba in muna tare, don Baba ba ya son surutun gidan rediyo. Muka tafi.

A bene na ƙanƙame hannun kujera. Kashi na farko ya wuce ban ji komai ba. Na biyu ya fara. Harafin H. Harafin I. Ina ta cewa a raina, sauke sandar, Lucian. Don Allah sauke ta. Ka nuna min ni ce muguwa.

J.

Bai sauke ba.

Ya ɗaga ta ma sama kaɗan, ya juyo ga masu babban goge, ya fara ƙirga musu: ɗaya, biyu, uku, ɗaya, biyu, uku, tsaf-tsaf, kamar mai kora awaki gida kafin ruwa ya sauko. Ba gudu ba ne can-can. Wanda bai ji na Laraba ba zai ce ya yi daɗi. Amma numfashin nan babu. Sauti bai gama mutuwa ba na gaba ya taka shi.

Baba ya riga ya rufe ido, ya shirya wa na Laraba. Ya shigo a makare da ɗan kaɗan, mutum bakwai na bayansa suka makara tare da shi. Ya buɗe ido da sauri. Daga nan har ƙarshen kashin bai sake ɗauke ido daga kan sandar ba. Lucian kuwa sai kallonsa yake yana gyaɗa kai da murmushi, irin na ɗalibin da ya kawo wa malami abin da ya nema.

A ɗan shirun da ke tsakanin kashi da kashi Baba ya ɗauki fensir, ya juya shi ta gindi, ya goge wani abu. Sannan ya juyo da bakin ya yi zane. Daga bene ba na ganin takarda, amma na san motsin hannun. Ƙwai ɗaya. Ƙwai biyu. Ƙafa.

Ba wanda ya goga takalmi.

Ban san yadda aka ƙare ba. Na sami amsata, jama'a, amsar da na biɗa da hannuna. Na zaci in na sani zan ji sanyi. Maimakon haka sai na ji kamar na haɗiye kilina. Shi ya sayar da abin da ya ce saboda shi ya ɗauki sanda, a kan kalma ɗaya. Ni kuma na ɗauki yabon da Baba ya yi shekara talatin da ɗaya bai yi wa kowa ba na jefa a kwata.

Ban je ɗakinsa ba. Na ɗauki kwat ɗina na fita ta ƙofar baya na jira a jikin mota. Baba ya fito goye da akwatin gogensa, ya kwantar da shi a kujerar baya ya ɗaura masa bel, yadda yake yi tun ina yarinya. Muka shiga. Ya tada mota, bai ja ba. Iskar ɗumi na busowa, gilashi na washewa a hankali.

"Ranar Laraba yaron nan na da zuciya," ya ce yana kallon gaba. "Na ce wa kaina, Kaz, ka tsufa, ka zalunci yaro. Har na kira su Howard, 'yan kwamiti, na ce mu sake tunani."

Na kau da kai ga taga, ya ci gaba.

"Jagora na canja ra'ayi, ba laifi ba ne. Amma wanda ya canja don kansa ba ya kallon mutum ɗaya yana neman a ce ya kyauta. Yau ni kaɗai ya kaɗa wa sanda. Wani ya gaya masa wani abu a kaina."

"Baba…"

"Mutum biyu ke buɗe fayil ɗina a duniya, Reni. Ni da ke."

Hawaye suka zubo min a kan koriyar rigar. Na faɗa masa. Duka: shagon shayi, masu ƙaho, goma sha huɗun nan, da jana'izar. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire gilashinsa ya murza idanu.

"Jana'iza," ya ce. "Ko ƙarya za ki yi min, ki yi wadda ta yi kama da ni mana. Ni 'barci' zan rubuta."

Na yi dariya cikin kuka.

"To yanzu gaya min, tunda ke kika shirya jarrabawar. Ranar Litinin wa zan jefa wa ƙuri'a? Mutumin Laraba, ko na yau?"

Kafin in buɗe baki motar ta yi ƙara, allon rediyo ya haska. Na manta wayata na haɗe. Saƙonnin suka hau allon ɗaya bayan ɗaya da manyan baƙaƙe, a tsakaninmu, inda ba mai iya kauda kai.

"Koriyar rigar nan ta kusa sa in ɓata ƙirga."

Baba ya mayar da gilashinsa.

"Kin ga babanki? Bai ɗauke ido daga kaina ba ko sau ɗaya. Ke ce sa'ata."

Na miƙa hannu zan kashe. Baba ya riƙe min wuyan hannu, a hankali, ba da ƙarfi ba.

"Bari," ya ce. "Kin ce ta ukun ce tambayar."

Muka zuba wa allon ido. Ni dai ina roƙo a raina, ban ma san me nake roƙa ba. Motar ta sake ƙara.

"Af, na ga ya sake ɗaukar fensir. Me ya rubuta yau?"